Tsinken Tsintsiya a Littafin Goggo

Tambuwal,
Litinin, 2 ga Oktoba

Yunana,

"Ko goyo ne zan goyo ta in kawo ta, Yaya. Ki sa ido ranar Talata." Maganarka ce wannan, a zauren gidan Goggo, ranar da muka yi addu'ar cika shekara bakwai da rasuwar Kawu Irmiya. Har da dafa ƙirji. Talata ta zo ta wuce. Tun ƙarfe bakwai nake zaune a bencin asibiti da katin Goggo a hannu. Na ga an shiga da tsofaffi ana ja musu sanda. Na koma Laraba na ga an cire musu auduga daga ido, wani tsoho daga Jabo yana ta shafa fuskar jikarsa yana cewa ashe haka take. Kai kuwa babu kai, babu goyon.

Yanzu bari in gaishe ka, kada a ce Malama Afiniki ba ta da tarbiyya. Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Rifkatu da yara? Yaya aikin katako? Yaya ƙafar Goggo? Ni lafiyata ƙalau, in ban da jinina da ka hawar.

Sau goma sha ɗaya na kira ka. Rifkatu ta ce babu sabis a Kebbe. Sabis ɗin nan naku mai hankali ne, ya san lambata. Shi ya sa na ba Ɗan'iya direba wannan takarda, ita ba ta da wurin kashewa.

Ga abin da Malam Abdulganiyyu, ma'aikacin ido, ya faɗa mini, ka karanta sau biyu. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama yanar ido ce ta rufe shi, ana iya cire ta, amma in ta ci gaba da zama tana iya lalata idon gaba ɗaya. Likitocin za su dawo ranar 6 ga Nuwamba, kwana biyar. Daga nan sai baɗi, in ma za su dawo.

Kada ka ce mini matar wan babanka ce kawai. Ita ta yaye ka, kamar yadda ta ɗauke ni ina shekara huɗu da uwata ta rasu. Ba ta da ɗa ko ɗaya a raye, mu biyun nan ne 'ya'yanta. Ɗaya yana cikin gidan yana kallonta tana laluben bango, ɗaya tana nan tana cizon yatsa.

Ina jiran dalili. Dalili na ce, ba wa'azi ba.

Yayarka,
Afiniki


Kebbe,
Lahadi, 8 ga Oktoba

Yaya Afiniki,

Salama da alherin Ubangiji su tabbata a gare ki. Muna lafiya. Rifkatu tana gaishe ki, ta ce ita ba ta ce babu sabis ba, ni na ce ta ce. Ƙafar Inna da sauƙi. An fara yankan gero, mun gode Allah.

Takardarki ta iso. Ɗan'iya ya miƙo ta da yatsu biyu, ya ce tana da zafi.

Yaya, ban manta alkawarina ba. Ranar Litinin ɗin na yi wa Ɗan'iya magana ya ajiye mana gidan gaba. Rifkatu ta wanke mata zanenta na Zumuntar Mata. Da safe na shiga na tarar da ita zaune bakin gado, ta ɗaura ɗankwali, takalmi a ƙafa, Littafinta Mai Tsarki a cinya. Na ce Inna mu tafi. Ta ce, "Ba a ba ni izini ba tukuna." Na ce wa? Ta nuna sama. Ta ce ta roƙi Ubangiji ya sa mata salama a zuciya in nufinsa ne, kuma salamar ba ta zo ba. Ɗan'iya ya yi oda har ya gaji ya tafi.

Na yi azumi da ita kwana uku. Fasto ya zo ya yi mata magana, ya ce likita ma bawan Allah ne. Ta amsa masa da ayoyi huɗu a jere, da sura da lamba, har ya cire tabarau ya ce to Mama a ci gaba da addu'a.

Abu ɗaya na lura. Tun ranar da aka zo gwajin ido nan Kebbe ta canza. Muna kan layi, wani malamin firamare yana gabanmu, aka sa shi a kujera yana kiran abin da ke kan allo. Ta tambaye ni, "Bayan an yi aikin ma haka ake yi wa kowa?" Na ce ina tsammani. Muna isa gida ta shige ɗakinta.

Na ce zan goyo ta, gaskiya ne. Amma mace mai shekara saba'in da huɗu da ta ce tana jiran Allah, ta ina ake kama ta? Akwai kuma abin da ba nawa ba ne da zan faɗa. Ki yi mini haƙuri.

Ƙanenki,
Yunana


Tambuwal,
Litinin, 9 ga Oktoba

Yunana, ka zaunar da Goggo ka karanta mata wannan. Kada ka tsallake ko kalma ɗaya, zan tambaye ta.

Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na ji ƙafa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara.

An ce kina jiran izini. Goggo, ranar da kwalara ta shiga unguwa, kika ɗaura zane kika shiga gidan da kowa ya guje wa, izinin wa kika jira? Ranar da aka tura Kawu aikin bishara garin da ba ku san kowa ba, cewa kika yi Allah ya riga mu isa can. Ke kika koya mini cewa dogara tafiya ce, ba zama ba. Na karanta littattafai da yawa tun daga lokacin, na masu ilmi da na masu surutu, ban sami wanda ya faɗe ta fiye da haka ba. To Allahn da ya riga ki isa Kebbe, ɗakin aikin ido na Tambuwal ne ya yi masa nisa?

Aikin bai kai rabin awa ba. Ba a sa mutum barci. Na tambaya, na karanta, na ga waɗanda aka yi wa da idona.

Ga kuma abin da na shirya miki, da na so ya zama ba-zata. Na yi magana da shugabar Zumuntar Mata ta gunduma. A taron ƙarshen shekara, gaban matan ikkilisiyoyi bakwai, ke za ki buɗe taro da karatu. Ba abin da kika saba ba: shugaba za ta buɗe Littafi duk inda hannunta ya faɗa, ta miƙa miki, ki karanta da sabon idonki, kowa ya ga aikin Allah. Na ɗinka miki ɗankwali. Shekara shida ke nan matan nan ba su ga yatsanki yana bin layi ba.

Ke kika ɗora ni a cinya kika sa ni son baƙi a kan farar takarda. Duk yarinyar da na koya wa karatu a shekara ashirin da bakwai, daga hannunki ta samu. Ba zan zauna in ga duhu ya cinye ki don tsoron allura ba.

'Yarki,
Afiniki


Tambuwal,
Litinin, 23 ga Oktoba

Yunana, wannan ma ka karanta mata.

Goggo, na ji kunya. Shekara arba'in kina tsaye gaban mata da Littafi a hannu, suna kallonki suna cewa ga uwa. Ashe duk a baki ne. Ni da na sa ki gaba da kowa, yau ban san abin da zan ce wa mutane ba.

Kai kuma, kafinta, ko ƙusa ta ƙare a Kebbe ai biro bai ƙare ba. Mako biyu cur ban sami ko layi ɗaya daga gare ku ba. Ban ga Ɗan'iya a tasha ba, na ba wani mai babur wannan. Matar da ta koya wa gari kada a ji tsoro ta ɓuya a ɗaki don likita, ɗanta kuma yana gadin ƙofa. Saura kwana goma sha huɗu.

Afiniki


Kebbe,
Lahadi, 29 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya, sai dai Inna ba ta cin abinci sosai tun Talata.

An yi ɓarna, kuma ba laifin kowa ba ne sai motar Ɗan'iya. Inna ta ba ki amsa tun 15 ga wata. Ba ni ta sa na rubuta ba, maƙwabciyarmu Malama Zahara'u ta kira. Aka ba Ɗan'iya, ya sa a ƙarƙashin kujera, injin motarsa ya buga a hanya, motar ta kwana goma sha biyu a gareji da takardar a ciki.

Da taki ta 23 ta iso, Inna ta ɗauka amsar tata ce. Na karanta har "ashe duk a baki ne," ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa. Ta yi gaskiya." Ta shiga ɗaki. Ni ma raina ya ɓaci na jefa takardar cikin akwatin kayan aiki. Sai ranar Juma'a ina neman awo na gan ta, na ƙarasa karantawa, na ga kin ce ba ki sami komai ba. Na hau babur na nemo Ɗan'iya. Ga ta nan, da tabon baƙin mai. Na gaya wa Inna ba ki gani ba tukuna, ta ce to yanzu sai ta sake jiran hukunci daga farko.

Ban buɗe ba, amma na san abin da ke ciki. Kwana biyu kafin Baba Irmiya ya rasu ya kira ni, ya ba ni tsinken tsintsiya, ya ce, "Daga yau kai za ka riƙa sa mata. Kuma kada ka bari a miƙa mata takarda gaban mutane, ko bayan raina." Na yi masa alkawari kafin in yi miki naki. Da na ga biyun ba za su zauna a kujera ɗaya ba, sai na riƙe na wanda ba zai iya kirana a waya ba.

Yunana


Kebbe,
Lahadi, 15 ga Oktoba

Afiniki 'yata,

Ni ce Goggonki Damaris nake magana, Zahara'u tana rubutawa. Na zaɓe ta don ba 'yar majami'armu ba ce, ba za ta zauna bayana ranar Lahadi tana kallon ƙeyata ba. Ina gaishe ki. Ina gajiyar makaranta?

Ba allura nake tsoro ba. Na haihu sau uku ban ɗauki ko ɗaya da rai ba, allura me ce?

Afiniki, ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba. Ko sunana aka rubuta ban san shi ba.

A ƙauyenmu can ƙasar Zuru awaki na yi kiwo. Da Kawunki ya aure ni aka turo mu nan, ranar Laraba ta fari matan suka taru, su tara. Wata tsohuwa ta miƙo mini Littafi da hannu biyu, ta ce matar Malam a yi mana karatu. Da na ce ban iya ba a ranar, da shi ke nan. Amma na ga yadda suke kallona. Na buɗe tsakiya, na faɗi wata zabura da na haddace a bakin Kawunki. Suka ce amin, wata har da hawaye. Daga ranar ƙofa ta rufe a bayana.

Kawunki ya so ya koya mini. Na ce in aka gan ni da allon yara fa? Sai muka yi dabara. Duk Talata bayan abincin rana ya karanta mini sura sau uku, in mayar masa. Ya sa tsinken tsintsiya a wurin. Laraba in buɗe inda tsinke yake, in ɗora yatsa. Da kika iya karatu, ke ma kin yi mini aikin nan ba ki sani ba. Kin tuna ina cewa zo ki karanta in gwada ki? Ba gwada ki nake yi ba, ɗauka nake yi.

Da ido ya fara rufewa na yi kuka, amma a ƙasan kukan na ji daɗi. Na ce Allah ya rufa mini asiri. Babu mai miƙa wa makauniya takarda. Shekara shida ina barci lafiya.

Ranar gwaji na ji ana sa mutum ya kira baƙaƙe gaban jama'a. Sai ga takardarki kuma, ikkilisiya bakwai, a buɗe duk inda hannu ya faɗa. Na ce wa Yunana ina jiran Ubangiji. Ƙarya ce. Ɓuya nake yi a bayansa, kamar yadda kike ɓuya bayan zanena in kin fasa kwano.

Jiya na yi addu'a ba da ayar kowa ba, da bakina kawai. Na ce Uba, ka san ni tun ina bin awaki, kai ban taɓa ruɗe ka ba. In na buɗe ido, kunya tana jirana. In na zauna, duhu. Wanne? Ban ji murya ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne, wanda ya ɗauke ni da ƙaryata shekara arba'in bai yar da ni ba, ba ranar da na faɗi gaskiya zai yar da ni ba. Salamar da nake cewa ba ta zo ba, ashe tana bayan wannan maganar.

Saura ke. Ke ce mai ilmin gidanmu, kuma kin ce daga hannuna kika samu. Hannun babu komai a ciki. In kin ji wannan har yanzu kina so in zo, zan zo. In kin ce in zauna, ba zan ga laifinki ba.

Goggonki

Malama, ni ce Zahara'u. Abin da ta faɗi shi na rubuta, ban ƙara ba. Nawa guda ne. Shekarar da ɗiyata ta rasu, tsohuwar ga ta kwana fuɗu gidanmu tana dafa muna abinci, ba ta buɗe littafi ba, ba mu kuwa tambaye ta ba. Abin da nika roƙo, ki sassauta alƙalami.


Tambuwal,
Litinin, 30 ga Oktoba

Goggo,

Duk wanda kika ga dama ya karanta miki wannan, Yunana ko Malama Zahara'u. Ina gaishe ki, na durƙusa har ƙasa. Ki ci abinci. Kafin a ci gaba da karatun nan a kawo miki fura, zan jira.

Kin sha? To.

Takardar da ta sa ki shiga ɗaki ba amsarki ba ce, ban ga taki ba sai yau. Amma ko ba amsa ba ce, bakina ya yi kaifi, na roƙi gafara. A tasha na karanta taki, a tsaye. Na zauna kan buhun wani ina dariya ina hawaye har mai buhun ya ce Hajiya lafiya? Wata guda ina tsammani bangaskiyarki ce ta mutu, ko kuwa wata cuta kike ɓoye mana. Ashe baƙaƙe ne. Baƙaƙe, Goggo! Abin da nake koya wa 'yan mata masu ƙarancin kai da kunnen ƙashi tun kafin a haifi Rifkatu!

Fushi ɗaya ya rage mini, na kaina. Ina aji biyu na ce miki Goggo yatsanki yana ƙasa, maganar tana sama. Kika ce idonki ya fi yatsanki sauri. Na yarda. Da sabon juyin Littafi ya fito na kawo miki mai manyan baƙaƙe, kika riƙe shi shekara da shekaru kina faɗin kalmomin tsohon juyi, na ce kai, Goggo da son tsohon abu. Ni mai digiri. Kina kuma tsammani a cikin matan nan babu wadda take bin layi a nata Littafin? Ko sun sani ko ba su sani ba, Laraba ba ta taɓa zuwa suka zauna a gida ba. Ki yi tunanin wannan.

Kin ce hannunki babu komai. Na san masu karatu da yawa, Goggo, waɗansu har da rigar wa'azi, Maganar tana kan shiryayye a ɗakinsu. Ke da kika rasa inda za ki ajiye ta sai kika zuba ta a ciki. Abin da kika faɗa wa matan nan gaskiya ne. Yatsan ne kawai ya yi ƙarya, shi kuma za mu gyara shi.

Daga tasha na wuce wurin Malam Abdulganiyyu. Ban faɗi sunan kowa ba, na ce in tsoho bai yi boko ba fa? Ya yi dariya ya ce Malama ai yawancin masu zuwa ke nan. Yatsu ake ɗaga wa mutum ya ƙirga, sai wani zane mai ƙafa uku ya nuna inda ya fuskanta. Malamin firamaren nan nuna kansa kawai yake yi. Taron gunduma kuma na soke karatun. Ranar da za ki gaya wa matan, da yadda za ki gaya musu, ko ma ba za ki gaya ba, tsakaninki ne da Ubangijin da kika ce bai yar da ke ba. Ni dai ina gefenki.

Kin tambaya ko ina so ki zo. Ki zo.

Yunana, na janye rabin abin da na faɗa maka. Rabin kawai, don da ka ɗaga waya da ba a kai nan ba. Kawu ya zaɓi mutumin kirki.

Yanzu ku saurara ku biyun. Litinin mai zuwa, 6 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe, ina bakin ƙofar asibiti da kati. Kada ku hau motar Ɗan'iya sai kun ji injinta da kunnenku. In tara ta buga ban gan ku ba, zan ɗauki shatar mota in zo Kebbe, kuma goyon da aka yi mini alkawari ni zan yi shi, gaban maƙwabta, Malama Zahara'u ta riƙe mini jaka.

Bayan an cire auduga ba za ki koma ba. Ɗakina na ciki ba ya kallon titi, na sa labule mai kauri. Na sayi allo da alli. Da zarar likita ya ce idon ya huta, kullum bayan na taso makaranta za mu rufe ƙofa, daga ni sai ke. Ba da sura za mu fara ba. Baƙi bakwai ne a sunanki, biyu ma iri ɗaya ne, ki ga sauƙin da Allah ya yi miki.

Ki taho da tsinken. Da shi za ki riƙa nuna mini.

'Yarki,
Afiniki